Na samu aiki a Legas, amma ƙafata ta ƙi ɗaguwa daga Tudun Wada

Ɗan_TudunWada:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don Allah a ba ni ita tsakani da Allah, a ajiye zolaya sai an jima. Shekara shida ke nan da na gama Kaduna Poly. Tun da na dawo daga bautar ƙasa nake koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ko mafi ƙarancin nan na dubu 70 da aka yanka a 2024 bai kai ba. Da yamma in je Kasuwar Bacci in tsare wa yayan wani abokina shago, in samu na sabulu. Watan jiya na yi intabiyu ta waya da wani kamfani a Legas, wajajen Ikeja, ranar Litinin suka turo takardar ɗauka. Albashin ya ninka abin da nake samu sau huɗu har da ɗoriya. Sun ce in kama aiki farkon wata.

Abin da na daɗe ina roƙon Allah ke nan, amma wallahi tun da takardar nan ta shigo wayata ban yi barcin kirki ba. A Tudun Wada aka yanke min cibiya. Bautar ƙasar ma a Minna na yi ta, kusan kowane ƙarshen mako ina gida. Mahaifinmu ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Hajiya tana da hawan jini da ciwon suga, ni ke kai ta asibiti, ni ke sayo magani, ni na san na safe na san na dare. Yayana yana Zariya da iyalinsa, ƙanwata tana aji uku a KASU, jami'ar jihar Kaduna. Da na gaya wa Hajiya, cewa ta yi "Allah Ya sa albarka, Ya sa can abincinka yake", ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ba ta ƙara ko kalma ba. Shirun nan ya fi komai damuna. In tafi ko in haƙura?

Sadiq_Kawo:
Malam tattara ka tafi tun ba su canza shawara ba. Mu nawa ne a nan muke yawo da takardu a jaka har sun fara cin kunne? Maganin Hajiyar da kake magana, da me ake saye?

Maman_Hanan:
Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya alheri ƙanena. Kafin in ce komai, wa ke kwana da Hajiya a gidan in ka tafi? Ƙanwar taka a gida take ko a hostel? Kuma kana da iyali?

Ɗan_TudunWada:
Anti, ba ni da aure tukuna, ana dai magana. Ƙanwata daga gida take zuwa makaranta. Akwai 'yan haya a ɗakunan waje, mutanen kirki ne.

Abu_Agege:
Shekarata tara a Legas, bari in gaya maka abin da babu wanda ya gaya min. Wannan "sau huɗu" da kake gani, ka fara ɗauko biro da takarda. Mai gida a nan kuɗin shekara yake karɓa gaba ɗaya, ejan ya karɓi nasa, a ce ka biya na yarjejeniya, a ce ka ajiye na ɓarna. Kafin ka shimfiɗa katifa kuɗin wata uku ya tafi. Sannan mota. Kai da ka saba daga Tudun Wada ka hau keke ka isa wurin aiki cikin minti goma sha biyar, a nan akwai masu fita kafin asuba su yi sallah a hanya don tsoron cunkoso. Acaɓa ma tun 2022 aka hana shi a Ikeja da wasu ƙananan hukumomin.

Amma ba ina hana ka ba ne. In a Ikeja ne aikin, ka nemi ɗaki a Agege, kusa ne, kuma Hausawa sun daɗe a nan, da sarkinsu da masallatansu, akwai layin da in ka shiga sai ka rantse Unguwar Sanusi kake. Tuwo, fura, masa, tsire, babu wanda za ka rasa. Ni da kuɗin Legas na yi wa tsohuwata rufin kwano, na aurar da ƙannena biyu. Da ina Kaduna ban san ta inda zan fara ba.

Bawan_Allah77:
Ni zan faɗi nawa, kowa ya ɗauki abin da ya ga dama. A Fatakwal nake aiki lokacin. Ranar wata Laraba da misalin ƙarfe goma na safe ƙanina ya kira ya ce Baba ya faɗi a bayi, sun tafi asibiti. Sha ɗaya da rabi ya sake kira, bai iya magana ba, sai kuka. Na nemi jirgi babu, na hau mota. Ina tsakanin Lokoja da Abuja, wayata a kunne, ina jin ana kabbara ta huɗu a ƙofar gidanmu. Washegari na iso, aka kai ni maƙabarta aka nuna min tudun ƙasa, ruwan da aka yayyafa ma bai gama bushewa ba. Shekara bakwai yanzu. Kuɗin da na tara a can na gina gida da shi, ina ciki, amma har yau in na wuce maƙabartar nan sai na kau da kai. Ban ce kada ka tafi ba. Ka dai san da wannan a cikin lissafinka.

Sadiq_Kawo:
Allah Ya jiƙan Baba. Amma ɗan'uwa, ajali ba ya tambayar inda kake. Akwai wanda yana Kasuwar Gumi aka yi rasuwa a gidansu a Rigasa, kafin a same shi a waya an gama wanka.

Bawan_Allah77:
Haka ne. Amma shi ya samu sallah.

Baba_Kakuri:
Yaro, ina karanta ku tun ɗazu, jikana ne ya koya min wannan abin. Ina da tambaya ɗaya: mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, a Kaduna aka haife shi?

Ɗan_TudunWada:
A'a Baba. Daga Malumfashi ya zo, a masaƙa ya yi aiki.

Baba_Kakuri:
To ka gani. Wataƙila ma mun haɗu a bakin get. Ni daga wani ƙauye a ƙasar Daura na zo a 1974, da ƙullin kaya ɗaya da adireshin wani ɗan garinmu a rubuce da ajami. Uwata ta raka ni har bakin titi tana kuka, ta ce Kaduna garin bariki ne, duk wanda ya shiga ba ya dawowa da hankalinsa. Yadda kuke ganin Legas yau haka iyayenmu suke ganin Kaduna. Na kama aiki a masaƙa a Kakuri. A lokacin in aka tashi daga aiki, kekuna ne suke cika titi har ba ka ganin kwalta, Bahaushe da Bayarabe da Tibi da Banufe da mutanen kudancin Kaduna, kowa da audugar da ta maƙale masa a gashi. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles, tun 1957 take aiki, sai da aka rufe ta a 2002. Sauran ma suka bi baya ɗaya bayan ɗaya. Akwai abokan aikina da suka mutu suna jiran haƙƙinsu.

Abin da nake so ka gane, garin nan da kake kira mahaifa, baƙi ne suka cika shi. Tun da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917 ake zuwa, wani aikin reluwe ya kawo shi, wani soja, wani ofishin gwamnati, wani masaƙa, wani kamfanin haɗa motar Fijo, wani matatar mai da aka buɗe a 1980. Aiki ne ya kawo ubanka nan. Yanzu aikin ya tashi ya koma wani wuri. Ni ban ga laifin ɗan da ya bi sawun ubansa ba.

Yakubu_Gbagyi:
Baba, da girmanka, a gyara kaɗan. Ba kowa ne baƙo ba. Mu Gbagyi Turawan ma a nan suka same mu muna noma. Ku ne dai kuka zo cin rani kuka manta hanyar gida.

Baba_Kakuri:
Gaskiyarka ɗana, na karɓi gyara. Kun ba mu masauki, Allah Ya saka.

Ɗan_Dala:
Ni abin da ke ba ni dariya da 'yan Kaduna ke nan. Mu Kanawa yaro yana shekara ashirin ya san Legas ya san Kwatano, wasu har Caina. Ku an ce ku je aiki mai albashi kuna neman shawara kamar za a kai ku yaƙi. Me ke Kadunan ne? Kada?

Zee_Malali:
Ga shi nan ya iso, dama jira nake. Malam Bakano, Garin Gwamna ake ce mana. Mu ba mu saba da hayaniya da ƙura ba shi ya sa. Duk wanda ya saba fita yawo Murtala Square da yamma ko ya zauna bakin ruwa a Gamji, ba ka ce masa ya je ya rataye a ƙofar danfo ya yi murna ba.

Maman_Hanan:
Don Allah ku bari, bawan Allah yana cikin damuwa kun mayar da abin wasan Kano da Zazzau.

Ustaz_Badarawa:
Ɗan'uwa, abu biyu. Na farko, ya tabbata cewa wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) yana neman izinin fita jihadi, aka tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce e, aka ce ya koma ya yi ƙoƙarinsa a kansu. In jihadi ya jira saboda iyaye, ina ga aikin kamfani? Don haka yardar Hajiya ita ce gaba da komai, kuma yardar zuci, ba ta fatar baki ba. Iyayenmu mata suna da kunya da kawaici, ba za ta taɓa buɗe baki ta ce kada ka tafi ba, don kada a ce ta tare wa ɗanta arziki. Na biyu, ka yi istihara. Kada ka zauna jiran mafarki, ka yi raka'a biyunka ka karanta addu'ar ka ci gaba da shiri, abin da yake alheri Allah zai sauƙaƙa shi.

Injiniya_Mando:
Malam, ban musa maka ba, amma hidimar iyaye ba zama kusa da su ba ce kawai. In ciwon nan ya motsa aka ce a kwantar da ita, a kawo dubu ɗari biyu kafin a taɓa ta, zaman da yake yi a tsakar gida ba zai biya ba. Na ga gidan da 'ya'ya biyar suke kewaye da uwa kowa na kuka, babu mai kuɗin allura.

Ustaz_Badarawa:
Shi ya sa na ce ita za a tambaya, Injiniya. Ba ni ba, ba kai ba.

Anti_Nas_Barnawa:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in yi magana ta ɓangarena. Abin da kake yi wa Hajiya, in ka cire soyayyar, aiki ne da ake koya. Ka sayi na'urar awon jini ta batir da ta awon suga, ka zaunar da ƙanwarka ka nuna mata. Ku samu littafi, kullum a rubuta awo da kwanan wata, ta ɗauki hoto ta turo maka. Maganin sati ku zuba shi a ɗan akwatin nan mai gida bakwai. Ranar asibiti kuwa yayanka ya zo, Zariya ce fa, ba Makka ba, motar Kawo ce kawai. Abin da ke kwantar da masu hawan jini yawanci shi ne su ji sauƙi su ajiye magani, to wannan shi za ka sa wa ido ko daga ina kake.

Sannan a bar ni in faɗi wata magana ko za a ji haushi. Ranar da aka ɗaura min aure aka sa ni a mota zuwa Gombe, na shekara goma sha ɗaya a can kafin mu dawo, mahaifiyata tana fama da ƙafa. Babu wanda ya buɗe muhawara. An ce min in yi haƙuri, haka kowace mace ta yi. Ita ma ƙanwar taka gobe wani zai zo ya ɗauke ta. Ku zauna ku uku tun yanzu ku raba nauyin nan, ba a bar wa wanda ya fi tausayi shi kaɗai ba.

Zee_Malali:
Anti kin gama magana wallahi. A kowane gida akwai ɗa ɗaya da aka mayar jakin gida don shi ba ya cewa a'a.

Ɗan_TudunWada:
Yaya ba mugu ba ne, don Allah kada a fahimce ni ba daidai ba. Yana da 'ya'ya biyar kuma shi ma albashi yake jira. Ya ce a mayar da Hajiya wurinsa Zariya. Ita ce ta ce ba ta barin ɗakin da mijinta ya bar ta, sai dai a fitar da ita a makara.

Musa_Rigasa:
Da Abuja ce da ban ga abin tunani ba. Tun da aka buɗe jirgin ƙasa a 2016 mutane da yawa a unguwarmu suke aiki a can, Juma'a da yamma su sauka a tashar Rigasa, Litinin da asuba su koma tashar Idu a Abuja. Ba za ka iya roƙonsu su ajiye ka a ofishinsu na Abuja ba?

Sadiq_Kawo:
Mutumin da ko katin shiga ofis ba a ba shi ba zai fara zaɓen gari? Kuma jirgin da kake faɗa, ka manta Maris ɗin 2022? Bayan harin nan da aka kai masa sai Disamba ya dawo aiki, wata takwas 'yan Abujan naku suna bin titi da addu'a a baki. Kusa da nesa duk a hannun Allah suke.

Musa_Rigasa:
Ban manta ba, maƙwabcinmu yana cikin jirgin ranar. Amma ko yanzu ka haɗa tafiyar awa biyu da 'yan mintuna da ta wanda zai hau babbar bas a Mando ya kwana ya wuni a hanya? Ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023. Sau nawa zai iya zuwa a shekara? Sallah ƙarama, sallah babba, shi ke nan.

Abu_Agege:
Musa ya faɗi gaskiya a nan. Shekarar farko sau huɗu na zo gida. Ta biyu sau biyu. Bara sau ɗaya. Ba don ba na so ba, hutun ne babu, kuma in ka tashi zuwa ba ka zuwa hannu rabbana, kowa na jiran tsaraba. Wani abin ma, ranar da na zo na ƙarshe na sauka a Kawo na kasa gane hanya saboda sabuwar gada da titunan da aka fasa, sai da na tambayi mai keke. Yaran layinmu suna ce min "sannu da zuwa Alhaji" kamar baƙo. Majalisarmu ta gindin dalbejiya an sare bishiyar an yi shaguna. A Legas ni Aboki ne, a Kaduna ni ɗan Legas ne.

Malam_Shehu_UDosa:
Ni kuma ga na wanda ya ƙi tafiya. A 2013 aka ɗauke ni aiki a Legas, na ajiye saboda mahaifiyata, kusan irin labarinka. Ta rayu shekara tara bayan nan, a cinyata ta cika. Wannan ba na musanya shi da komai. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, wanda aka ɗauka a gurbina mun yi makaranta tare, yanzu shi nake kira in kuɗin makarantar yara ya gagara. Akwai daren da nake cewa alhamdu lillahi, akwai daren da nake juyi. Kuma ita kanta kafin ta rasu ta taɓa ce min, da na sani da na kore ka ka tafi. Ban san ko da gaske take ba ko tausayina ta ji.

Ɗan_Dala:
To ni na janye zolayata. Amma shawara ta 'yan kasuwa: kada ka sayar da komai, kada ka kwashe kayanka. Ka je da jaka ɗaya ka yi wata shida. In ta karɓe ka, to. In ba ta karɓe ka ba, Tudun Wada ba ta gudu.

Injiniya_Mando:
Wata shidan nan ita ce kowa yake faɗa ranar tafiya. Tambayi Baba_Kakuri wata nawa ya ce zai yi.

Baba_Kakuri:
Damina ɗaya na ce wa uwata.

Ɗan_TudunWada:
Na gode ƙwarai jama'a, duk na karanta, wasu sau biyu. Jiya bayan isha na bi shawarar Ustaz na shiga ɗakin Hajiya na zauna. Ban ma fara magana ba na ga robobi jere a bayan ƙofa: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, har da man shanu a kwalbar da ta naɗe bakinta da leda ta ɗaure da zare. Ashe tun ranar Talata take aiken ƙanwata kasuwa ban sani ba. Na ce Hajiya wannan fa? Ta ce an ce can komai da tsada.

Na ce mata in ba ta so wallahi na fasa, kuma ba zan taɓa riƙe ta a zuci ba. Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, yadda aka kawo ta Kaduna amarya daga Malumfashi a bayan akori-kura, ita da gadonta da kwallayenta, ta yi wata uku tana kuka a ɗaki ɗaya a gidan haya, ba ta san kowa ba sai wata Bayarabiya da ta koya mata cefanen birni. Ta ce, "Da ubanka ya zauna gindin uwarsa da a ina za ka yi bokon?" Muka yi dariya. Na tashi zan fita, na kai bakin ƙofa, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wa zai riƙa rufe min get da daddare?"

Na tura wa kamfanin saƙo na roƙi ƙarin sati biyu. Yaya zai zo ranar Asabar mu zauna mu uku kamar yadda Anti Nas ta ce.

Ustaz_Badarawa:
Allah Ya yi mata albarka, Ya ba ta lafiya. Duka maganganun biyu nata ne, kada ka ɗauki ɗaya ka bar ɗaya.

Maman_Hanan:
Ka sa ni hawaye da rana tsaka. Maganar auren da ka ce ana yi fa? In yarinyar 'yar unguwa ce, a ɗaura kafin ka tafi ta zauna da Hajiya mana.

Anti_Nas_Barnawa:
Maman Hanan, a auro 'yar mutane a ajiye ta jinya miji yana Legas? Ita an tambaye ta?

Maman_Hanan:
Shawara ce kawai Anti, ba ɗaurin aure na yi ba.

Abu_Agege:
In ka yanke zuwa ka yi min magana ta akwati, akwai tabarma a ɗakina har ka samu naka. Man shanun nan dai kada ka manta shi.

Sadiq_Kawo:
Ni tambayata ɗaya, makarantar da za ka bari a wace unguwa take? Ƙanina yana da NCE, shekara biyu yana zaune.

Ɗan_TudunWada:
Sadiq, ban ce na tafi ba tukuna.